Ɗan Ƙarfen da ke Ƙarƙashin Motar Hajj Abdulgani

Usta Subhi bai yarda da mota mai surutu ba. Duk Hirafiyyin, unguwar masu gyaran mota, an san shi da haka: motar da ta fito daga garejinsa, ko ta girmi mai ita, sai dai ka ga wucewarta. Maƙwabcinsa Girgis mai gyaran lagireto yakan ce da Usta yana da iko da har surukarsa ya ɗaura wa salansa. Usta bai taɓa musawa ba.

Ana saura 'yan kwanaki bikin Shammun Nasim na shigowar bazara, Ra'afat mai shagon yadi a unguwar Shubra ya jawo masa wata tsohuwar Chevrolet, baƙa, doguwa, ta mahaifinsa marigayi Hajj Abdulgani. Tun rasuwarsa take rufe da tamfol, tun ranar kuma mahaifiyar Ra'afat, Hajja Ni'imat, ba ta sake saukowa daga bene ba. Ba ciwo take ba. Tana girki, tana faɗa da mai kawo gas daga baranda, amma ƙafarta ba ta taka titi. Ra'afat ya yi lallashi, ya yi fushi, ya haƙura. Dabarar da ta rage masa ita ce motar nan, domin a cikinta marigayin yake kwasar iyali kowace shekara zuwa bakin kogi a Ƙanaɗir, da kifin gishiri da ɗanyar albasa. Ya ce in ta gan ta a ƙofar gida ranar bikin, wataƙila ta sauko.

Inji bai ba da wahala ba. Salansa ce ta ruɓe, da aka sa sabuwa kuma sai bututun hayaƙin ya fi na da kauri, ya zo ya tokari ƙarfen gicciye, wanda yake tallafe da giya daga ƙasa. Aikin ba baƙo ba ne a wurin Usta. Za a kwance ƙarfen, a yanke masa gurbi kamar rabin wata, a cike gurbin da ɓarin bututu mai kauri, a yi walda, a ƙara masa ƙarfi ta baya don kada giya ta sauka. Ya tokare giyar da jak, ya kwance notuna, ya fito da ƙarfen daga rami ya kankare tsatsa.

A nan ya ga abin da ya hana shi shan shayinsa da zafi. Daidai inda tsohon bututu yake wucewa, wani ya liƙa ɗan guntun ƙarfe, tsawon ɗan yatsa, an lanƙwasa kansa kaɗan. Ba ya riƙe komai, ba ya tare komai. Kan nasa kuwa ya yi sumul yana ƙyalli, alamar ya daɗe yana shan duka.

Ya kira Girgis ya nuna masa. Girgis ya ce maganin kambun baka ne. Usta ya ce wa ya taɓa ganin an ɓoye maganin kambun baka inda ido ba ya kaiwa? Girgis ya ce to mugunta ce, wani bakanike ne aka ɓata wa rai ya bar wa mai mota abin da zai dame shi har kabari.

"Dubi waldar mana, Girgis," in ji Usta. "Mai mugunta ba ya ɗinki mai kyau haka. Wannan hannun a natse yake."

Ya auna, ya sake aunawa. A kan shimfiɗaɗɗen titi bututu ba zai taɓa ɗan ƙarfen ba. Sai mota ta hau tudu a hankali, bututun ya yi lilo a kan robarsa, sannan ya buge shi, sau ɗaya da tayoyin gaba, sau ɗaya da na baya. Wani ya zauna ya lissafa wannan. Abin ya tsaya wa Usta a rai, har ya buga wa Ra'afat waya. Ra'afat ya ce ai tun yana yaro motar take wannan ƙwanƙwasar, babansu kuma bai taɓa bari a duba ba, taurin kai irin na mutanen da. Ya ce a cire duk abin da ke ƙara, yana son tsohuwa ta ga motar kamar sabuwa.

Da Usta ya bi abin da zuciyarsa ke raɗa masa da ya dakata. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kashe ƙara ba ya ganin ƙara ya ƙyale. Ya sa injin yanka ya fille ɗan ƙarfen, ya yi gurbinsa, ya yi walda mai kyau, ya mayar. Guntun dai bai jefar ba, ya sa shi a aljihun riga.

Jajibirin biki da hantsi shi da kansa ya tuƙa motar zuwa Shubra, Ra'afat na gefensa. A bakin lungun su Ra'afat akwai wani tsohon tudun dutse, daidai ƙarƙashin gidan. Motar ta hau ta sauka ko tari babu, Usta ya ji daɗi har ya gyara zama. Ra'afat ya fito ya ɗaga kai ya yi ta kiran mahaifiyarsa. Da ƙyar ta leƙo, ta dubi motar, ta ce ma sha Allah, ta koma ciki.

Aka hau da Usta shan shayi, don ba a barin mai aiki ya juya daga ƙofa. Hajja Ni'imat ta ajiye masa kofi, ta gode masa da ladabi, sannan ta ce motar ta yi kyau, amma ba ta Abu Ra'afat ba ce, wato mijinta. Ra'afat ya fara rantsuwa. Usta ya ɗaga masa hannu, ya zaro guntun ƙarfen ya ajiye a kan faranti.

"Hajja, ki gafarce ni. Wannan na mene ne?"

Ta ɗauka ta juya shi. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma da ya faɗa mata inda ya samo shi sai ta yi dariya, irin wadda ɗanta ya manta tana da ita. Ta ce a wannan gidan aka haife ta, mahaifinta kuma mutum ne mai zafi. Lokacin da Abdulgani yake nemanta, tsohon ya rantse cewa duk saurayin da ya danna ham a ƙarƙashin tagar 'yarsa, kamar mai kiran fasinja, ba zai ba shi ita ba. Abdulgani bai danna ba. Bayan mako guda motarsa ta kamu da wata ƙwanƙwasa da ba ta tashi sai a kan tudun nan.

"Babana har tausayinsa yake ji, wai an sayar masa da ruɓaɓɓiyar mota," in ji ta. "Bayan aure ma bai cire ba. In na ji ta, na san ya iso, sai in ɗauki mayafi." Ta ajiye ƙarfen. "Tun da ya tafi kunnena yana kan tudun nan, Usta. Na san ba hankali ba ne."

Kunya ta kama Usta, irin wadda bai ji ba tun yana koyon aiki. Ya shanye shayin, ya ɗauki guntun, ya ce wa Ra'afat akwai abin da ya manta bai ɗaure ba.

Mayarwar ta fi cirewar wuya. Bututun ya canza, gurbin ya canza, sai da ya liƙa ya ɓalle ya sake liƙawa, yana hawa da sauka a kan wani katako da ya shimfiɗa a ƙofar gareji. Girgis ya tsaya yana kallo, ya ce yau ya ga ƙarshen duniya, Usta Subhi yana koya wa mota surutu.

Da safiyar biki Usta da Ra'afat suka shiga lungun a hankali. Tayoyin gaba suka hau, ƙwan. Na baya suka bi, ƙwan. Usta ya kashe inji, su biyu suka ɗaga kai. Baranda a rufe, labule bai motsa ba. Ra'afat ya jira, ya jira, ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, an dai gwada.

Sai suka ji takun silifa a matakala, a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Hajja Ni'imat ta fito da baƙin mayafi da kwandon kifi da albasa. Ta tsaya a bakin ƙofa hasken rana ya kashe mata ido, sannan ta taka titi. Ra'afat ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Ta buɗe ƙofar gaba da kanta ta zauna, ta ɗora kwandon a cinya.

"Ƙwanƙwasa ta biyun ta fi haka ƙarfi a da, Usta."

"Za a ƙara mata, Hajja," in ji shi, ya miƙa wa Ra'afat makulli.