Uwar da Ta Zo Biki

A finafinanmu uwa ba ta wuce minti uku. Ba doka ba ce da aka liƙa a bango, amma duk wanda ya yi wata guda a ma'aikatarmu ta zanen katun a Tashkent ya san ta. Za a nuna uwa tana tsefe wa ɗiyarta kai, ta yi tari sau biyu, kyamara ta koma kan taga, ganye ya faɗo. An gama da ita. Yarinya ta girma cikin sakan goma, ta tsaya a bakin rijiya ta rera waƙar abin da ranta ke so, jaki ya amsa mata. Mugu ya samu tasa waƙar, wadda kullum ta fi ta kowa daɗi, sannan ya faɗo daga wuri mai tsawo don kada hannun kowa ya taɓa jini. A rufe da biki.

Sunana Sanobar. Shekara ashirin da biyu na yi a teburin duba zane, ban iya zana ko ƙwai ba. Aikina in bi zane ɗaya bayan ɗaya da jan fensir kafin a kai gaban kyamara, in kamo hannu mai yatsa shida, ko rigar da ta shiga ƙofa shuɗiya ta fito koriya. Ba a cika kirana shan shayi ba.

Mai kashe uwayen kuwa Yaya Tursunoy ce. Goma sha huɗu ta kashe kafin wannan da zan ba da labarinta. Kowane mai zane yana da ɗan madubi a teburinsa, ya yamutsa fuska a ciki ya kwafa, don haka duk uwayen nan fuskar Tursunoy ce da su, faffaɗan goshi da kumatu. Mukan tsokane ta.

"Yaya, bana me zai kashe ki?"

"Tari, kamar bara."

A bazarar 1983 ɗiyarta Mohira ta rasu, ta bar yarinya 'yar shekara shida mai suna Oydin. Bayan arba'in Tursunoy ta dawo aiki, aka miƙa mata uwar sabon fim, ta karɓa. Wata uku tana kanta, zane ɗari shida.

Da suka iso teburina, tun a na farko na ajiye fensir. Uwar tana da wushirya. Tana da tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu, kuma da ƙaramin yatsa take mayar da gashi bayan kunne. Mohira ce sak, wadda ta tashi a ƙarƙashin teburanmu tana cin gurasarmu. Idon Tursunoy yana kan madubi, hannunta yana wani wajen.

A ƙa'idar aikina wannan ba kuskure ba ne, tunda duka ɗari shidan iri ɗaya ne. Na sa hannu. Masu shafa launi suka shafa, mai kyamara ya ɗauka, kowa na jiran wani ya fara magana. Mutum arba'in, babu mai baki ko ɗaya. A duk ragwantar da na yi a rayuwa, wannan na fi jin kunyarta.

Sai a ɗakin gwaji Tursunoy ta gani, ranar da aka haska mana ɓangaren a bango. Uwar ta yi tari sau biyu, ganye ya faɗo, aka kunna fitila.

"Wa ya canza min zane?" in ji Tursunoy.

Kowa ya duƙufa yana nazarin takalminsa.

Matsalar Oydin ce. Tun tana goye ba a taɓa buɗe fim ɗin kakarta ba ta je ba. Na bana ta riga ta sanar da unguwa kaf, an ɗinka mata riga, tana ƙirga kwanaki a jikin kalanda. In an hana ta zuwa, sai an faɗa mata dalili. In an kai ta, za ta zauna a layin gaba ta ga uwarta ta mutu karo na biyu, wannan karon da kiɗa.

Na raka Tursunoy ofishin darakta, Erkin, mutumin da ke da kirki in ba a tambaye shi komai ba.

"Maigida, a bar ta ta rayu."

"Wa?"

"Uwar."

Ya ajiye kofin shayi a hankali. "Haba Yaya. In uwa na da rai, wa zai bar yarinya ta shiga daji daga ita sai jaki? Ca za ta yi mata ta dawo ta wanke kwanoni. Fim ya ƙare a minti huɗu."

"To ta yi tafiya."

"Ina?"

"Kasuwa."

"Shekara goma sha biyu?"

"Ka san tsawon layin sayen nama a garin nan."

Bai yi dariya ba, ita ma ba wasa take yi ba. Ya ce an riga an naɗi waƙar rijiya, kuma baitinta na farko marainiya yake cewa. Ya ce sake zane ɗari shida wata uku ne, kwamitin tantancewa kuma wata guda ya ba mu. Ya ce ya tausaya mata, kuma na yarda ya tausaya, don har bakin ƙofa ya rako mu.

Akwai wata al'ada tamu. Taron biki shi ake zanawa a ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji, sai a jefa wa wanda hannunsa ba komai. Mutanen taro ba su da aiki sai tafi, zane huɗu ake yi musu a yi ta maimaitawa. Ba mai tambayar su wane ne. A nan muke cusa maigadi, da mai sayar da samsa, wato samosarmu, ta bakin ƙofa, da surukan da ba ma so, mu ba su manyan kunnuwa. Bana Tursunoy ta ce a ba ta.

Bayan mako biyu taron ya iso teburina. Ga maigadi, ga surukar mai kyamara. A layi na biyu, kusa da tukunyar shinkafar biki, ga mace da koren kallabi. Kowa na tafi, ita ba ta yi. Tana kallon amarya, ta ɗaga ƙaramin yatsa ta mayar da gashi bayan kunne. Zane saba'in da biyu aka yi mata ita kaɗai, sakan shida.

Matacciya a wurin biki. Irin abin da aka ajiye ni in kama ke nan, ya fi yatsa shida nesa ba kusa ba. Na ɗauko zanen farkon fim na ɗora kusa da wannan, na daɗe ina kallo. Sannan na ɗauki jan fensir na yi rubutu, na kai mata da kaina.

Ta karanta a fili. "Koren kallabin ya fi na farko duhu. A gyara ya zama iri ɗaya." Ta ɗago ta dube ni. "Shi ke nan abin da kika gani?"

"Ni launi na gani."

"Sanobar, ashe ke ma mutum ce."

"Kada ki yaɗa."

Ranar kwamiti, mutum biyar suka zauna da hulunansu a cinya. Mugu ya faɗo daga hasumiya, suka gyaɗa kai. Aka zo biki. Shugabansu, wani dattijo da muka ɗauka barci yake yi, ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Ba wannan ce ta mutu ɗazu ba?"

Erkin bai taɓa ganin taron ba sai a lokacin, don darakta ba ya kallon masu tafi. Na ga ƙeyarsa ta yi ja. Ya waiwayo ya dubi Tursunoy, ya dube ni, ya juya.

"Ƙanwarta ce," in ji shi. "Daga Samarkand ta zo."

"Ina take lokacin da yarinya ke wahala?"

"Ba a sanar da ita ba."

Dattijon ya ce haka dangi suke, ya ce wannan darasi ne mai kyau ga yara, ya sa hannu. A waje Erkin ya wuce mu bai kalle mu ba, sai da ya yi taku uku ya ce, "Jakin ya yi kyau."

Saura minti ukun farko, waɗanda ba wanda ya isa ya goge. Wannan na ɗauka a kaina. Ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe za a buɗe fim. Tursunoy dole ta shiga da wuri ta zauna tare da ma'aikata, don haka na ce ni zan kawo Oydin.

Na ɗauko ta da sabuwar rigarta, an yi mata ƙananan kitso sun kai arba'in. Muka sauka daga jirgin ƙasa na cikin gari saura minti goma. A ƙofar silima na tsaya wajen mai askirim, a watan Disamba, na sayi mafi girma.

"Ba a shiga da shi," na ce. "Sai kin shanye."

Ta dubi askirim, ta dube ni. Ban iya yara ba, na ɗauka za ta yi kuka ko ta haɗiye shi a loma uku. Sai ta zauna a kan matakala ta fara lasa. Aka buga ƙararrawa ta farko, aka buga ta ƙarshe, aka rufe ƙofa. Tana lasa, leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi, ni kuma ina satar kallon agogo. Da muka shiga, yarinyar fim ta riga ta girma tana bakin rijiya.

Oydin ta yi wa jaki dariya, ta ɓoye fuska a hannun rigata da mugu ya fara waƙa. Aka zo biki. Na ji ta daina motsi. Sakan shida ba wani abu ba ne, na sha ƙirga su a takarda, amma ban san tsawonsu ba sai ran nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta nuna da yatsa ba. Ta ɗaga hannu kaɗan daga cinyarta, kamar mai gaida wani a tsallaken titi.

A waje Tursunoy ta same mu, ta durƙusa tana gyara mata maɓallin da ba abin da ya same shi.

"Ya fim, 'yar Kaka?"

"Mama ta zo biki."

"Ta zo."

"Ta yi kyau. Ba ta rame ba."

Tursunoy ta ci gaba da gyaran maɓalli. Ni kuma, da yake ba na iya barin abu ba gyara, na ce, "Ki yi haƙuri, na sa kin rasa farkon."

Oydin ta dube ni kamar yadda nake duban sababbin masu zane.

"Inna Sanobar, ai na ga finafinan Kaka duka," ta ce. "Na san abin da ake yi wa uwaye a farko. Shi ya sa na sha a hankali."