Lallen Matan Ingila

Tun kafin motar Gumel ta sauke ta a Gagarawa Tasha, Malama Khairiyya ta san yau sai ta yi haƙuri. An cusa ta tsakanin buhun gero da wani bawan Allah mai akuya, ga majigin aro a cinya, ga kwamfuta a hammata, akuyar kuwa ba ta ga abin tauna a duk motar ba sai igiyar jakarta.

Duk wannan wahala saboda Tayyiba take shan ta. A ajin gyaran inji da take koyarwa a Gumel babu mai hannun yarinyar nan. Injin ban ruwan da ya gagari maza, in ta kwance ta ɗaure, tari ɗaya yake yi ya tashi. Gado ne, don mahaifinta marigayi Ilu bakanike ne na ji da gani. Amma kakarta, Iya Kande mai ƙunshi a nan Gagarawa, ta aiko cewa daga ƙarshen wata jikarta ta gama zuwa aji. Dalili? Wai baƙin mai yana hana lalle kama hannu. Lalle fa! Khairiyya ta je gidan ta roƙa, ta lallasa, ta kawo misalai har bakinta ya bushe, tsohuwa ta ce ita dai lalle. Kuma ba dama a ce mata ai uban yarinyar ma haka ya yi. Ilu ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ranar da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. In aka ambace shi sai ta miƙe ta ce tukunyarta na ƙonewa.

Da dabara ta ƙare, Khairiyya ta samo wani tsohon fim na matan Ingila, zamanin yaƙin duniya na biyu, suna ƙera jiragen sama a masana'anta. An gyara shi, an share tabonsa, an sa masa kala. Ta gayyaci iyayen 'yan ajinta mata zuwa wani ajin firamare bayan azahar, ta tabbatar Iya Kande na layin gaba. A lissafinta, duk wadda ta ga mace ta ƙera jirgi ba za ta ƙara maganar injin ban ruwa ba.

Aka toshe tagogi da zannuwa da tabarmi, ɗaki ya zama kamar murhu. Dogo mai janareta ya ja igiya, ya ja, ya yi zufa, ya ce man da aka sayo ne ba shi da kyau, alhali shi ya sayo. Tayyiba ce ta zagaya ta cire fulogi ta goge, inji ya tashi. Khairiyya ta dubi Iya Kande da sauri ko ta gani. Tsohuwa bangon da za a haska fim take kallo, tana fifita da gefen mayafi.

Fim ya fara. Ga mata nan jere a wani ɗaki mai girman kasuwa, wasu na ɗaure noti, wasu na walda, wasu sun hau fukafukin jirgi da guduma. Khairiyya ta gyara murya za ta fara jawabin da ta kwana biyu tana bita.

"Malama, mazansu fa?" Asama'u mai ƙosai ce daga baya.

"Suna fagen yaƙi. Shi ya sa mata suka..."

"To wa ke dafa tuwo?"

"Turawa ba sa cin tuwo," in ji wata.

"Shi ya sa ba su da jiki. Ku dubi waccan, iska ma sai ta ɗauke ta."

Khairiyya ta ce a yi shiru a kalli aikin. Ina! An koma kan ɗankwali. Wata ta ce ɗaurin irin na 'yan Damagaram ne, wata ta rantse a Maigatari ta fara ganinsa, aka nemi a mayar da fim baya a tantance. Ga jirgi sukutum ana harhaɗawa a gabansu, ba wadda ta ko kalle shi. Ran Khairiyya ya soma ɓaci sosai.

Sai aka nuno wani sashe inda mata ke shafa wa fukafukai wani jan fenti. Wata budurwa ta ɗago hannayenta ga mai ɗaukar hoto tana dariya, yatsunta jajur har wuyan hannu.

"Lalle!" Asama'u ta miƙe tsaye. "Wallahi lalle ne! Ashe su ma suna ƙunshi!"

Ɗaki ya kaure. Wata ta ce amarya ce, wata ta ce mai ƙunshin ba ta iya ba, ko zane babu. Kowa ya juya wajen Iya Kande, tunda fanninta ne, ita kuwa ta ci gaba da fifitarta.

Nan Khairiyya ta ga ƙofa a buɗe. In ta ja bakinta, an gama: ga mace da lalle, ga ta tana ƙera jirgi, hujjar tsohuwa ta rushe. Amma haushin akuya da na Dogo da na tuwo ya taso mata gaba ɗaya, kuma ita ba ta iya barin kuskure ya wuce ta gabanta ba, ko a allo ko a baki.

"Fenti ne!" ta ce da ƙarfi. "Fenti! Ba lalle ba ne, ba amarya ba ce, ba ƙunshi aka yi mata ba! Aiki take yi, hannunta ya ɓaci, ko ta wanke ba ya fita. Haba jama'a!"

Asama'u ta zauna tana gunguni, wai daga tambaya. Khairiyya ta ji kamar ta mari kanta. Da bakinta ta tabbatar wa tsohuwa cewa aikin yana ɓata hannu. Ta hango Tayyiba a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai, sai tausayin yarinyar ya kama ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Fim dai bai tsaya jiran kowa ba. A ƙarshensa aka nuno wata tsohuwar Baturiya, gashi fari fat, zaune a kujera tana magana a hankali. Hannayenta na kan cinya.

"Wannan kuma wace ce?" Karon farko ke nan da Iya Kande ta buɗe baki.

"Mai jan hannun nan ce, Iya. Bayan ta tsufa aka yi hira da ita."

"Me take cewa?"

Khairiyya ta fassara a gajiye, ba ta ma sa rai da komai. "Ta ce ƙanenta matuƙin jirgi ne, ya tashi bai dawo ba. Ta ce har yau in ta ji warin fenti sai ta ga kamar zai shigo. Da fari ba ta iya zama inda ake fenti. Daga baya kuma, duk shekara ita ke fentin ƙofar gidanta da kanta, don ta ji warin."

Iya Kande ta daɗe tana kallon bangon, har rubutun ƙarshe ya gama hawa. Mata suka fara neman takalma, ana cire zannuwa daga tagogi.

"Ke, zo nan," ta ce da jikarta.

Tayyiba ta matso tana ɓoye hannu a cikin hijabi, saboda man janareta bai bar ta ba. Tsohuwa ta fizgo hannun da nata hannun da lalle ya rine tun zamanin ƙuruciya. Ta juya shi, ta dubi baƙin da ke ƙarƙashin farce. Sannan ta kai shi hancinta, ta rufe ido.

"Kullum ta shigo gida da yamma," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "sai in ɗauka Ilu ne ya dawo."

Asama'u ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Duk matan da ke ɗakin sun san wannan suna bai taɓa fitowa daga wannan bakin ba.

"Iya, bari in je in wanke," in ji Tayyiba.

"Wa ya aike ki?" Tsohuwa ba ta saki hannun ba. Ta juyo wajen Khairiyya, idonta ya kaɗa, amma muryar tana nan da kaifinta. "Ke kuma Malama, kin tsaya kina kallona kamar na ci miki bashi. Motar Gumel ɗin ƙarfe nawa take tashi ran Litinin? Kar yarinyar nan ta makara aji."