Salansar Jirgin Rayyan

Tun ranar da Rayyan ya sauke injin a bayan shago, Mukhtaru bai ƙaunaci injin ba. Wani dunƙulallen abu ne gajere, babu fistin ko ɗaya a cikinsa, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyi kamar dutsen niƙa. Daga tsohuwar motar tsere aka ciro shi. Rayyan ya ce shi ne zai ɗaga ɗan jirgin da ya daɗe yana harhaɗawa da hannunsa.

Shagon na mahaifinsu ne, a unguwar Kudai ta Makka, bayan tashar motocin mahajjata. Salansa suke yi, wadda mutanen gari ke kira shakman. Da tsohon ya rasu, Mukhtaru ya gaji walda da wani ɗan hatimin ƙarfe mai siffar bishiyar dabino, wanda ake bugawa a jikin duk salansar da ta fita daga shagon. Ƙanensa Rayyan kuwa baki ya gada. Ya bar shago ya kama aikin ofis, ya koyi tuƙin ƙananan jirage a wani fili da ke hanyar Jidda, can bayan an fita haddin Harami. Daga nan bai ƙara kiran wansa Yaya ba. Ya mu'allim yake ce masa, kamar yadda ake kiran kowane makanike da Larabci, yana jan kalmar kamar zai tofar da ita.

Da ya zo neman salansa, bai roƙa ba. Umarni ya bayar, rabi Larabci rabi Hausarsa mai ɗingishi. Ya ce hayaƙin irin wannan inji ya fi na mota zafi nesa ba kusa ba, har yakan mai da bututu ja kamar garwashi, kuma bugunsa na farfasa duk wani siririn ƙarfe. Don haka bututu mai kauri yake so, miƙaƙƙe, ba tarkace a ciki.

Mukhtaru ya saurara yana goge hannu da tsumma. A ransa ya ce, yaron da bai taɓa riƙe kan walda ya gama layi ɗaya ba, shi ne yau zai koya masa zafi. Amma ya yi masa miƙaƙƙen bututun, don ya ga iyakarsa.

Suka ɗaure injin a kan teburin ƙarfe suka tayar. Ƙarar ba ta mota ba ce. Kamar ana yaga kwanon rufi ne a cikin kunnen mutum. Tattabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Mahajjatan da ke masaukin da ke jikin shagon suka leƙo ta tagogi. Abdulganiyyu ladanin masallacin layin ya fito ba takalmi, ya ce akwai tsofaffi marasa lafiya a sama, akwai masu karatu a masallaci, kuma in aka ƙara zai kira hukuma. Kafin magariba magana ta kai unguwar Zahir, wajen mahaifiyarsu Hajiya Maryama. Ta ce mahaifinsu ya yi zamansa a layin nan ba wanda ya taɓa kai ƙararsa, ba a kansu za a fara ba.

Sai Mukhtaru ya samu abin da yake so. Ya yanke bututun Rayyan ya jefa cikin tarkace, ya yi salansa irin ta gidansu: gwangwani mai kyau, da faifai masu huji jere a ciki, ya cusa audugar gilashi ya danne, sannan ya naɗe bututun da ƙyallen zafi kamar yadda suke yi wa motocin da ke hawan duwatsun Makka da rani. Ya buga dabinon mahaifinsu a gefe. Aiki ya yi kyau, shi kansa ya sani.

Injin ya koma gurnani. Abdulganiyyu ya yarda a riƙa tayarwa, amma bayan an fito daga la'asar kawai, kuma ɗan lokaci, gwargwadon shan shayi. Haka suka riƙa yi. A tayar, a ɗan taka, a kashe kafin wani ya leƙo. Allurar ma'aunin zafi ba ta taɓa kusantar ja ba. Rayyan da ya yi ta faɗa da farko, sai ga shi yana ɗaukar ƙarar a waya yana tura wa abokansa na fili, yana cewa ba wanda ke da irin wannan inji mai ladabi. Bai ce wanda ya yi ba.

Aka kai injin fili aka ɗaura a jirgi. Rayyan ya sa ranar Asabar ta tashin farko, ya gayyaci duniya.

Ana saura 'yan kwanaki, Mukhtaru na share bayan shago, ya ga wani abu a bangon da hayaƙin ke duka. Farin gari ne, da ƙananan ƙwallaye masu sheƙi manne da siminti. Ya murza ɗaya a yatsa. Audugar gilashi ce, ta narke ta dunƙule. A ɗan gwajin shan shayi ta yi haka. Sai a lokacin ya ga abin da suka yi: don gudun maƙwabta, ba su taɓa barin salansar ta yi zafinta na gaskiya ba. Jirgi kuwa in zai tashi, totur ake ba shi har ƙarshe, a riƙe shi a nan har ya yi sama. Kuma ya san inda salansar take kwance, a ƙarƙashin cikin jirgin, tazararta da tiyon mai bai wuce tafin hannu ba.

Washegari ya rufe shago ya tafi filin shi kaɗai. Ya kwanta a ƙarƙashin jirgin ya ƙwanƙwasa gwangwanin da sifana. Wani abu ya amsa daga ciki, sako-sako. Ya ɗaga bakin ƙyallen, ya ga ƙarfen ya sauya launi, ya yi toka-toka yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Ranar Juma'a bayan masallaci suka haɗu a gidan Hajiya, kamar kullum. Ana cin shinkafa da nama a tire ɗaya, Mukhtaru ya faɗa, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce salansar ba za ta kai ba, a ɗaga tashin, ya cire ta ya yi wata.

Rayyan bai ɗago ba. Ya tambaya ko ba shi ne ya yi ta ba, ko kuwa ba dabinon Baba ne a jikinta ba. Mukhtaru ya ce shi ne, shi ya sa ya sani. Ya yi maganar audugar da ta narke, ya yi maganar launin ƙarfe. Rayyan ya ce allura ba ta taɓa taɓa ja ba, kuma allura ba ta hassada. Ya ce tun farko ya nemi miƙaƙƙen bututu aka raina shi, yanzu da abu ya yi kyau, mutane sun sa rana, sai mu'allim ya tuna da zafi.

"Kai dai ba ka son ka gan ni a sama," in ji shi. "Tun muna yara. Ka zauna da gwangwanayenka, ya mu'allim, khalas, shi ke nan."

"Da ina so ka faɗo, da shiru zan yi."

Hajiya ta ce su ji tsoron Allah, a kan abinci suke. Ta juya ga Mukhtaru ta ce shi ne babba, ya bar yaro ya ci arziƙin wahalarsa, in gyara ne a yi bayan Asabar. Ba ta gane ba, kuma ya rasa yadda zai fassara mata zafin ƙarfe ba tare da ya ce mata ɗanta zai ƙone a sama ba. Ya wanke hannu ya fita. A bakin ƙofa ya ji Rayyan na dariya yana ba ta labarin yadda Jidda take daga sama.

Asabar da hantsi filin ya cika da motoci. Abokan Rayyan sun shimfiɗa darduma a inuwar rumfa, da butocin gahawa da dabino. Hajiya na zaune a mota da na'urar sanyi a kunne, tana jan carbi. Mukhtaru ya zo da wanet, a-kori-kurar shago, ya ajiye ta a bayan jirgin. Ba wanda ya kula shi. Makanike ne, inda makanike ke tsayawa ya tsaya.

Rayyan ya shiga rumfa su yi magana da mai kula da filin a kan iska. Mukhtaru ya ɗauko igiyar jan mota ya ɗaure wutsiyar jirgin a jikin wanet. Ya danna duwatsu a gaban tayoyin jirgin. Ya ajiye tukunyar kashe gobara a kan kujerar gefe ta jirgin, ya shiga, ya ja murfin gilashin ya kulle ta ciki. Tayar da injin ba baƙon abu ba ne a wurinsa, ya yi a bayan shago har ya gaji. Farfela ta juya, ta ɓace. Ya tura totur har ƙarshe ya riƙe.

Jirgin ya ja igiyar yana karkarwa. Ƙura ta turnuƙe darduma da gahawa. Ya ga Rayyan ya fito a guje, ya zagayo ta bayan fiffike don gudun farfela, yana dukan murfin da tafin hannu. Bakinsa na motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Mukhtaru bai ji komai ba. Allura yake kallo.

Ta wuce inda ta saba tsayawa a Kudai. Ta ci gaba da hawa a hankali. Ya yi tunanin in ta tsaya a nan, in salansar ta jure, to shi ke nan ya zama abin da ƙanensa ya ce, a gaban mahaifiyarsu da baƙi. Ya tarar da cewa wani ɓangare na zuciyarsa na so ta jure, don aikinsa ne, don dabinon Baba ne. Ya ƙara danne totur ɗin duk da ba inda zai ƙara zuwa.

Allurar ta shiga ja. Warin ƙyalle mai ƙuna ya shigo. Sai gurnanin ya tsage, tsohuwar ƙarar yaga kwano ta dawo gaba ɗaya, wani abu ya daki ƙasan kujerarsa. Ya kashe inji, ya rufe mai, ya buɗe murfin ya diro da tukunyar. Wuta na lasar cikin jirgin daga ƙasa, fenti na tafasa. Ya fesa har tukunyar ta ƙare. Da farin hayaƙin ya lafa, sai ga gwangwanin a buɗe kamar an sa masa wuƙa, faifan ciki a warwatse a kan yashi, tiyon mai ya yi baƙi ya kumbura, bai dai fashe ba.

Bai ga hannun Rayyan ba, sai jin sa ya yi a kunne. Ya faɗi zaune. Abokan suka riƙe Rayyan, yana fizgewa. Da Larabci yake zagi yanzu, Hausar ta gudu. Ya ce kowace salansa a duniya za ta fashe in aka ɗaure jirgi a ƙasa aka ba shi wuta ba iskar da za ta sanyaya shi. Ya ce a sama da ba ta yi haka ba. Wani daga cikin abokan ya gyaɗa kai, wani ya durƙusa yana kallon tiyon. Mukhtaru ya san ba shi da hanyar tabbatarwa. Hanyar ɗaya ce, kuma ita ce ya toshe.

Rayyan ya ƙwace, ya tako har inda yake zaune.

"Ka ƙona mini shekaruna. Ka ji daɗi?"

"Zan yi maka miƙaƙƙen bututun," in ji Mukhtaru. "Mai kauri. Yadda ka ce tun farko."

"Hannunka ba zai ƙara taɓa jirgina ba. Ko gawata kar ka taɓa."

Ya sa ƙafa ya shuri wani ɓallin gwangwani, ya mirgino gaban Mukhtaru. Shi ne gefen da ke da dabinon, ya lanƙwashe, rabin ganyen ya narke. Mukhtaru ya sa tsumma ya ɗauka, da sauran zafinsa, ya jefa a bayan wanet. Ya kwance igiyarsa ya naɗe ta a gwiwar hannu, a hankali, yadda tsohon ya koya musu su biyu.

Hajiya ta sauke gilashin mota tana kiran sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya je. Mukhtaru ya tayar da wanet ya juya kan hanyar Makka. Kunnensa na hagu ya toshe, jini na ɗan bin wuyansa. Da na daman yake jin muryar Rayyan na bin sa da zagi, da ƙarfi, ba ta gajiya. Bai ɗaga gilashi ba sai da ta daina kai masa.