Saƙo Zuwa Bakin Hanyar Dogon Marke

Haulat tana cikin tankaɗe kuka da safiyar Juma'a, Shamsu direba ya bugo waya yana haki kamar an koro shi.

"Hajiya, a ƙara tukunya yau. Muna da babban baƙo bayan masallaci. Ƙwallon kofin duniya ya zo kallo nan Doha, abincin otal ya ishe shi, tuwon gida yake nema."

"Wane ne kuma?"

"Alhaji Dikko Mai Sola. Ba kya jin sa a rediyo?"

Ta ce to, ta ajiye wayar, ta ajiye rariyar.

Mai Sola, sunan bana ke nan. A garinsu, Dogon Marke, Dikko Ɗan Kamfani aka san shi. Shi ya zo da takarda aka dangwala yatsa, wai burtsatse za a gina, ashe gonaki aka sallama wa masu haƙar kwal. Kafin shekara biyu tifofi suna ta fita da baƙin dutse, wai har ƙasashen waje ake kai shi. Ruwan rijiya ya koma kamar an wanke gindin tukunya, farar kaza ma ta daina zama fara. Da mahaifinta, Malam Masahudu, ya tara maza suka tare hanya, Dikko ne ya zauna a gaban motar 'yan sanda yana nuna mutane da leɓe. Wata huɗu tsohon ya yi a tsare, ya fito da tari. Ya rasu a shekarar kulle, jirage ba sa tashi, Haulat tana Doha tana goge tebura a wani ofis a Al Mirqab. Dikko kuwa ya baza a gari cewa korona ce. Mutum shida kacal suka tsaya sallar gawar wanda ya ɗaura auren rabin garin.

Tun daga nan mata suka karɓi hanyar. Kullum Inna Asabe, uwar Haulat, takan fito da tabarmarta, sauran su biyo ta, su zauna inda tifofi ke juyawa. Dikko bai sake taka garin ba. Ko sunan ɗan ƙanensa da aka yi, aike ya yi.

Haulat ta jawo akwati ta ciro wani ƙullin leda. Awawu, 'yar zangon Kumasi da suke ɗaki ɗaya a nan unguwar Mansura ta Doha, ta shigo da tutar Ghana ɗaure a ka, ta leƙa.

"Mene ne wannan?"

"Ganyen miya."

"Miyar wa? Filasko ne, ni ma kakata ta sha ɗura min. Cikin wa za ki wanke?"

Haulat ta gaya mata, tana yi tana murza ganyen. "So nake ya kwana uku a banɗaki, tikitinsa na ƙwallo yana aljihu."

"Mutum ashirin za su sa hannu a tuwon nan, har Malam Mubarik mai ba ku salla. Asibiti su tambayi inda aka ci, kafil ɗinki da ya ɗauko ki aiki ya ji kina sayar da abinci ba takarda. Khalas, shi ke nan, sai jirgin komawa gida. Shi kuwa ya sha magani ya miƙe ya tafi kallon Ghana, tunda naku ba su iya zuwa ba." Awawu ta ƙwace ledar. "Zawo kike so ya yi, ko me?"

Haulat ta ce, "So nake ya tsaya gaban Inna. Ya tsaya kawai, ta kalle shi."

"Wa zai kai shi? Ke?"

Idon Haulat ya sauka ƙarƙashin gado. Wata uku ke nan wani kwali yana nan, faifan sola ne da batirinsa. Matan sun sha kukan wayoyinsu na mutuwa suna tsakiyar ɗaukar hoton tifofi, don garin da ake kwashe wa kwal bai taɓa ganin wutar lantarki ba. Matafiyi kawai take jira. Ta miƙe ta ɗora ruwan tuwo, ta zuba man shanun da take ɓoyewa don salla.

Bayan masallaci aka hau da kwanuka falon ƙungiyar 'yan gida mazauna Doha a bene na uku. Masu gadi da direbobi sun cika shi taf. Alhaji Dikko ya zo da koriyar hula, ya yi ƙiba har wuyan ya ninku, ga turare kamar an fasa shago. Malmala uku ya tashi da su. Da ya wanke hannu sai bakin ya buɗe, Shamsu kuwa ya ɗaga waya, don shi ko atishawa babban mutum ya yi sai ya ɗauka ya tura wa 'yan ƙungiya.

"Zamanin kwal ya wuce," in ji Alhaji. "Duniya ta koma hasken rana. Ni tun farko raina bai kwanta da kwal ba, yana cutar da talaka. Shi ya sa nake zaune da Larabawan nan, mu kai wa ƙauyukanmu haske. Wai wa ya yi miyar nan? A kira ta in sa mata albarka."

Haulat ta shigo da takunkumi a fuska, ga hijabi har ƙasa, ga kwali a hannu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, an zo lafiya?"

"Ke, hannunki na gida ne. Me zan yi miki?"

"Ɗan saƙo ne zuwa ga tsohuwata, in ba zai yi nauyi ba."

Kowa ya san ba a ƙin saƙo a ƙasar wani, balle da miyar mai saƙon a baki. Alhaji ya yi dariya. "Kawo, direbana zai kai."

"Ayya, to a bar shi, Alhaji. Sau biyu ina ba manya, su ba na ƙasa da su, saƙon ya bi iska. Na san ba ku da lokacin tsofaffin ƙauye." Ta fara jan kwalin baya.

Alhaji ya kalli wayar Shamsu, ya gyara hula.

"Ni kike haɗawa da waɗannan? Wallahi tallahi da hannuna zan danƙa mata, ko a ina take. Malam, ka shaida."

"Na shaida," in ji Malam Mubarik.

"Wane gari ne?"

Haulat ta sauke takunkumin, ta bar shi ya gama kallon fuskar ubanta a tata.

"Dogon Marke. Inna Asabe, ta gidan Malam Masahudu. Ba sai ka shiga gari ba, tana bakin hanya daga hantsi har la'asar. Sola ce, tunda sana'arka ce yanzu sai ka haɗa musu."

Alhaji ya nemi ruwa, aka ba shi, bai sha ba. Ya karkata wajen Malam Mubarik, ya rage murya, amma falon ƙarami ne.

"Malam, in mutum ya yi rantsuwa, uzuri ya taso..."

"Akwai kaffara. Ya ciyar da mabuƙata goma."

"Mata arba'in ne a bakin hanyar, Alhaji," in ji Haulat, "ba mai sauran gona a cikinsu. In ka je sai ka zaɓi goma."

Wani mai gadi ya ƙware da ruwa. Shamsu dai bai sauke waya ba, ya ma manta tana hannunsa. Alhaji ya miƙe ya yi sallama a gurguje, ya tsaya jiran wanda zai ɗaukar masa kwalin. Kowa ya duƙufa tattara kwanuka. Da hannunsa ya rungume shi, ya sauka bene uku, igiyar batirin tana jan ƙasa.

Kafin Haulat ta gama kankare tukunya bidiyon ya fita daga hannun 'yan ƙungiya, ya shiga Kano, ya isa gida. Awawu ce ta riƙe mata wayar a kunne da saƙon murya ya shigo, don hannunta duk kumfa ne. Muryar Inna Asabe ce, a hankali, ana jin ƙarar tifa a tsaye a bayanta.

"Haulatu, mun gani. Ki tambayar mana ranar da zai sauka. Ba ma so ya zo ya tarar ba mu cika ba."