Minsharin Baba Ari

"Baba! Baba Ari!"

Suma'ila tela ya kama kafaɗar tsohon ya girgiza. A layin rabon dawa suke, a filin meri, ofishin magajin gari, rana ta take, kowa riƙe da buhu ko ƙwarya. Baba Ari ya ɗan zauna a ƙasa ya huta, barci ya sace shi, ya yi ta jan minshari har matan ɗaya layin suna rufe baki da gyale suna dariya. Sai minsharin ya yanke. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana ta kokawa, amma iska ta ƙi shiga.

Suma'ila ya ƙara girgiza shi. Tsohon ya zabura, ya ja numfashi da ƙara kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Ina jinka," in ji shi. "Ba barci nake ba."

"Layi ya matsa, Baba. Tashi."

Duk Zango an san minsharin Baba Ari. Ɗan ga-ruwa ne tun yana saurayi, garwa biyu a sanda, wuyansa kamar turmi, kuma babu gidan da bai shiga da ruwa ba a unguwar. Gidansa da na Suma'ila zaurensu ɗaya. Tun da Baba Ari ya yi aure, matarsa Inna Shatu ce mai gadin numfashinsa: in ta ji minsharin ya tsaya, ta zungure shi da gwiwar hannu, ya farfaɗo, su ci gaba da barci. Amma tsufa ya tafi da kunnenta, sai an yi mata ihu take ji. Yanzu tafin hannu take ɗora masa a ƙirji, in barci ya kwashe ta hannun ya zame.

Da shekarar fari ta zo, abin ya tsananta. Gero ya ƙare a rumbuna, famfunan gari suka bushe, shi kuma jikinsa ya zube har fatar damtsensa tana reto. Ya daina ɗaukar garwa. Barci ya riƙa kama shi ko'ina, a masallaci, a bakin hira, har da loma a hannu. Shi ya sa Suma'ila ya dawo da kekensa na ɗinki cikin zaure. Ɗinkin ma babu, sai facin tsummoki, amma yana taka keke yana kasa kunne.

Kwana kaɗan bayan rabon dawar ya matsa wa tsohon suka je gidan likita. Wurin ya cika da mata riƙe da yara masu kumburarren ciki. Likitan, wani matashi da idanunsa suka yi ja don gajiya, ya haska maƙogwaron Baba Ari da tocila, ya taɓa damtsensa, ya saurari bayanin Suma'ila.

"Baba, maƙogwaro ma tsoka ce, kamar ta hannu," in ji shi. "Ita ke riƙe hanyar iska a buɗe. In ta yi laushi, da ka yi barci sai ta faɗo ta toshe hanyar."

"To a ba ni maganin da zai tashe ta."

"Babu shi a nan. Tsoka tana da nata iri a ciki, wanda take gyara kanta da shi in ta gaji. Tsufa yana rage shi, yunwa kuma tana ƙarasa shi."

Baba Ari ya yi murmushi. "Bana ai ko manoma sun cinye irinsu, likita."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce a samu abinci mai gina jiki in da hali, kuma kada a bar shi ya kwanta rigingine, sai ta gefe.

Abincin dai babu. Kwanciyar gefe kuwa, da barci ya yi nisa sai ya mirgine ya koma kan bayansa. Suma'ila ya kwana biyu yana tunani, sannan ya karɓi tsohuwar taguwar Baba Ari ya ɗinka mata aljihu a tsakiyar baya, ya cusa goruba busasshiya, ya rufe.

"Wannan kuma wane irin ɗinki ne?" tsohon ya tambaya, yana jujjuya rigar.

"In ka juya za ta tokare ka, ka koma gefe."

"Ɗan nan, Allah ya shirye ka. Na girma da kaya a wuya, zan tsufa da kaya a baya."

Amma ya sa. Abin ya ɗan yi amfani, har ya yi mako yana zuwa sallar asuba da ƙafarsa.

Ana cikin haka 'yar Baba Ari, Jummai, ta iso daga garin Dogo a bayan babbar motar kaya, da 'ya'yanta a rame, mijinta ya tafi kudu neman aiki. Dawar da aka auna wa mutum biyu ta koma ta gida guda. Suma'ila ya lura tsohon yana tsoma hannu a kwano sau ɗaya ko biyu, ya ture wa jikoki, ya ce tuwon jar dawa yana ɓata masa ciki. Da matar Suma'ila ta aiko masa da kunu, nan ma yaran ya miƙa wa.

"Baba, kana kashe kanka," Suma'ila ya ce masa wata rana.

"Su ne masu sauran tafiya. Ni me zan gina da shi?"

Ranar Laraba bayan azahar tsohon ya fito zaure yana dafa bango, Inna Shatu tana biye da shi da tabarma. Zafi ya hana kowa motsi. Ya kwanta a gefensa, yana fuskantar keken ɗinkin.

"Suma'ila."

"Na'am, Baba."

"Ina roƙonka wani abu. Yau in ka ji na yi shiru, ka ƙyale ni."

Suma'ila ya ɗauke ƙafa daga keken.

"Ban ce ina son mutuwa ba," in ji tsohon. "Barci nake so. Na manta yadda ake yinsa. Da na fara nutsewa sai a fizgo ni, ko Shatu, ko kai, ko ƙirjin kansa. Na gaji, ɗana."

"Ba zan iya ba, Baba. Ka yafe mini. In dai ina wurin sai na tashe ka."

Baba Ari ya dube shi. "Na sani," ya ce. "To, Allah ya yi maka albarka."

Ya rufe ido. Inna Shatu, wadda ba ta ji komai ba, ta zauna kusa da shi ta ɗora masa hannu. Minsharin ya fara, amma ba irin na da ba, siriri, kamar ana jan zare. Ya yanke, Suma'ila ya taɓa shi, ya dawo. Ya sake yankewa, ya sake dawowa. Haka suka yi ta yi har inuwa ta fara shigowa zauren.

Ana gab da kiran la'asar ya yanke kuma. Suma'ila ya girgiza shi. Ya kira sunansa. Ya durƙusa ya tallafo kansa, ya buɗe masa baki, ya kira da ƙarfi har Jummai ta fito da gudu ba ɗankwali. Yana cikin girgizawa Inna Shatu ta kama wuyan hannunsa ta riƙe.

"Bar shi haka," ta ce da muryarta mai ƙarfi ta wadda ba ta jin kanta. "Nan ma ya tsaya." Hannunta yana kan ƙirjin mijinta.

Suma'ila ne ya ɗinka likkafanin da hannu, don ya kasa taka keken. Kafin magariba aka kai shi. Tsofaffin 'yan ga-ruwa suka zo suka karɓi makara, suna canjin kafaɗa.

Da suka dawo Suma'ila ya tarar da Inna Shatu a tsakar gida, mata sun kewaye ta. Ta yafito shi, ya durƙusa.

"Yaya kuka kwantar da shi?"

Ya kai baki kusa da kunnenta. "Ta gefen dama, Inna. Fuskarsa gabas."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ƙaramar jikarta ta rarrafo ta hau cinyarta, ta sa babban yatsa a baki. Tsohuwar ta jawo gefen zanenta ta lulluɓe ƙafafun yarinyar, ta shiga kore mata ƙuda.