Sharar Sito Na Huɗu

Karo na uku ke nan Ghali yana share sito na huɗu tun safe, mudir na tsaye a kansa yana nuna lunguna da tsinin takalmi.

"Yalla, Afirka! Can ma."

Shekara biyu Ghali yana shara a wannan kamfanin busasshen kifi da ke bayan garin Al Rayyan a ƙasar Larabawa, amma har yau mudir, wato manajan wurin, bai ga damar riƙe sunansa ba. Da sassafen nan aka kwashe wasu katan-katan aka loda a mota, aka jera wasu a gurbinsu. Waɗanda aka kwashe fikafikan wani kifin shak ne da ya kusa ƙarewa a teku, har doka ta hana cinikinsa. Waɗanda aka jera kuwa takardunsu sun cika. A ido duk ɗaya suke, busassu ƙayau kamar tsohuwar fata.

"Jami'an muhalli na nan tafe," in ji mudir. "Za ka sa hannu cewa babu abin da ya fita daga nan a watan nan. In ka buɗe baki, khalas. Kafil, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar nan, ya soke takardarka, Juma'a a Kano za ka yi ta."

Ghali yana son aikin nan, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai.

Sai dai akwai abin da mudir bai sani ba. Mahaifiyar Ghali ta yi shekaru tana share rumfunan hatsi a Dawanau, tana sheƙe sharar ta fitar da tuwon gida. Ɗan da ya tashi a hannunta ba ya iya zubar da abin ci a bola. Kullum sai ya tsince ɓurɓushin kifi ya ƙulle a leda, ya kai wa wata kyanwa mai ido ɗaya da ke jiransa a ƙofar masaukinsu a unguwar Fereej Abdel Aziz. Ƙullin na yau yana aljihunsa, tun daga sharar farko.

Da hantsi jami'ai biyu suka iso, tare da wata mata mai farar riga da ƙaramin akwati. Ta tsuguna tana yanko ɗan mitsitsi daga kowane katan tana jefawa a kwalba. Ghali ya yi tsaki a hankali, ya ce, "Aikin banza."

Ta ɗago kai. "Ɗan'uwa, wane aiki ne na banza?"

Ashe 'yar zangon Kumasi ce, Zuleiha, ma'aikaciyar ɗakin gwaji. Kunya ta rufe shi. Ya wayance ya ce, "Wannan ɗan abin me zai gaya miki?"

"Komai. Kowane kifi da tasa ƙwayar halitta a jikinsa. Ko ya bushe shekara, ko bai kai farce ba, injinmu zai kira sunansa."

"In kuma abin da aka ba ki ba shi ne ba fa?"

"Injin ba ya duba, ɗan'uwa. Abin da na sa masa shi yake karantawa."

Mudir ya ga hirar ta yi tsawo. Ya matso da takarda da biro, yana yi wa jami'an murmushi. Ya ce da Turanci, "Kada ku ɓata lokaci a kansa. Wannan bai taɓa ganin teku ba sai da ya zo nan. Tsintsiya kawai ya sani."

Ran Ghali ya ɓaci, ɓacin da ya fi tsoron ƙarfi. Ya dubi biron, ya bar shi a hannun mai shi. Ya zaro ƙullin leda ya ɗora a kan akwatin Zuleiha.

"Fassara masa," ya ce. "Gaskiya ya faɗa, tsintsiya na sani. Ita kuma ta san abin da ya kwana a ɗakin nan. Ki kuma gaya masa sunana Ghali."

Zuleiha ta rage murya. "Ka san abin da zai biyo baya?"

"Ya riga ya gaya mini. Har rana ya sa."

Ta fassara, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Babban jami'in ya buɗe littafinsa ya nemi a maimaita masa sunan, ya rubuta. Mudir yana tsaye da biro a hannu, bakinsa a buɗe.

Bayan la'asar Zuleiha ta bugo wa Ghali waya: ɓurɓushin cikin ledar na shak mai kan guduma ne, wanda doka ta hana cinikinsa, an kuma garƙame siton. Labarin ya same shi a cikin bas, don tun azahar aka karɓe katinsa na shiga, aka ce kafil zai neme shi.

Kyanwar na nan a ƙofar masauki. Ta taso tana goga jiki a ƙafarsa, tana shinshina aljihun da ta saba. Ghali ya tsuguna ya zazzage mata shi, babu komai.

"Yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Abincinki ya tafi ba da shaida."