Bakin Alkyabbar Senhor Anselmo

"Wanke ta kika yi?" na ce. "Graciete, wanke ta?"

"Wari take, Dona Ermelinda! Har tela na kai wa ya ɗinke duk inda ta yage. Da tsumma za a binne ubana?"

Na dafe kai. A Faransa yarinyar nan ta tashi wajen uwarta, na sani. Amma haba! Ko mai tallan kifi a nan Coimbra ta ƙasar Portugal ta san ba a wanke baƙar alkyabbar ɗalibi. Shekara sittin maƙwabcina Senhor Anselmo yana ajiye da tasa, tun zamansa a gidan ƙungiyarsu ta ɗalibai da ke bayan coci. A gidan nan, duk wanda ya zama amininka sai ya sa haƙori ya yaga bakin alkyabbarka. Yaga goma sha tara ce a tasa, kowace da mai ita, kuma ba wanda ya rage a raye. Tun da likita ya sallamo shi gida abu ɗaya yake roƙo, a lulluɓa masa ita ya yi sallama da mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

Idonsa ya riga ya tafi. Da muka lulluɓa masa alkyabbar ya laluba bakinta, ya ji shi sumul.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce, Baba, gyara ta kawai na..."

"Ina Firmino? Nan yake, a gefen hagu. Ermelinda, ina suka kai min Firmino?"

Na ɗauko tabarau da ƙaramin almakashi na zauna bakin gado. Shegen telan nan, da siket ɗina ne da bai tsaya ya yi ɗinki mai kyau haka ba! Da kyar na warware ta farko, na sa yatsan tsohon a ciki.

"Firmino," ya ce. "Ɓarawon kaji."

Graciete na bakin ƙofa tana sheshsheƙa.

"Ke, bar kukan nan, zo ki riƙe min nan!"

Ta zo ta riƙe. Muka fito da Abílio, da Custódio mai muguwar murya, da wasu uku. Zaren na gardama, numfashinsa na ƙara nisa.

A ta bakwai na sa yatsansa, na jira suna. Shiru, numfashin ya tsaya.

Graciete ta zare almakashin daga hannuna a hankali, ta jawo ta takwas kusa da hasken taga.